Kwamishinan Iska na Alder Notch

Garuruwa da yawa suna fama da rashin manya. Mu a Alder Notch, garin ƙarshe kafin iyakar Kanada, Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu Elwood Bascom.

Mutum ne mai girma ta kowane ɓangare, musamman ta gaba. Ya yi shekaru yana sayar da darduma har gwiwa ta gaza, sai ya koma gida ya kafa eriyar oba-oba a kan garejinsa, doguwar da ta ɗara hasumiyar coci. Fasto ya yi ƙorafi, Elwood ya ce ai kowa da wanda yake kira. A rediyo sunansa Janar Tsawa, shi ya raɗa wa kansa. Mu kuma Kwamishinan Iska muke ce masa, wato iskar da ke ɗaukar muryoyin rediyo. Sunan ya yi masa daɗi har ya sa matarsa Nadine ta ɗinka masa shi a gaban hula.

Ranar da gwamnati ta ce an daina neman lasisin oba-oba, kowa ya saya ya yi surutunsa, Elwood ya shigo gidan abincin Doreen kamar wanda aka yi wa rasuwa. Don baƙin ciki har sai da ya bar rabin fanken ƙarshe.

"An zubar da mutuncin iska," in ji shi. "Da, sai mu masu lamba. Yanzu kowane mai babban yatsa ya zama ɗan'uwana. To, na yafe wa 'yan ƙasa. Amma baƙi fa? Iskar Amurka ce, Doreen! Kakanninmu jini suka zubar a kanta."

"Ai direbobin Kanada ma an ce su yi maganarsu," in ji Doreen tana zuba masa kofi.

"An ce! Wa ya ce? Ni na ce?"

Daga ranar ya kama aiki, ba albashi ba hutu, sai kishin ƙasa zalla. Ya mai da ɗakin ƙarƙashin gidansa hedikwata, ɗakin da ko taga babu. Duk wanda ya tsallako iyaka ya buɗe baki a tasha ta goma sha tara, Janar Tsawa na jiransa. Sunanka? Sunan mahaifi? Me ya kawo ka iskarmu? Wani tsoho daga Ontario ta Kanada ya tambayi inda ake sayar da tanar kamun kifi. Bayan dogon bincike Elwood ya ba shi izinin wucin gadi na kalma ashirin. Tsohon ya ƙarar da su duka a kan Elwood da danginsa, har ya ci bashin biyu. Kwamishina ya ce wannan alama ce ta cewa tsarin yana aiki.

Wata Asabar da hantsi muna zaune a wurin Doreen, rediyonta na kan kanta tana shuuu kamar kullum. Nadine ma tana nan, ta gudo ta sha kofi cikin natsuwa. Sai muka ji muryar mace, Turancinta da ɗanɗanon Faransanci. Daga baya muka san sunanta Ghislaine Pelletier, direbar tirelar gungumen katako daga Quebec, tana gangarowa daga tudun da ke bayan gari.

"A ba ni hanya a sha tara! Mai gidan nan mai doguwar eriya, kana ji na?"

"Janar Tsawa ke magana. Na ji harshenki, baƙuwa ce ke. Ina izininki?"

"Misye, saurara, garejinka..."

"Dakata! Ba a fara magana da ni daga gareji. Daga suna ake farawa."

Abin da oba-oba ta gada shi ne, muddin ka danne maɓalli kana magana, ba ka jin kowa. Elwood kuwa in ya danne, sai yatsa ya gaji. Ya ɗauko tarihin iyaka tun daga tushe. Ya yi bayanin bambancin baƙo da ɗan gida. Ya ce shi ba ya ƙin mutanen Kanada, yana ma shan zumar da suke tatsa daga ice.

Doreen ta leƙa taga ta ce, "Kai, jama'a, hayaƙi!"

Muka yi waje da kofuna a hannu. Hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi daga garejin Kwamishina, yana nannaɗe eriyar. Doreen ta bar ƙofa a buɗe, muryarsa na biyo mu titi.

"...kuma a matsayina na wanda ke ganin duk abin da ke faruwa a wannan yanki, ina tabbatar miki ko ƙuda ba ya giftawa ban sani ba. Na gama."

"Wuta! Garejinka na cin wuta, Misye!"

"Barazana kuma? An rubuta. Na soke izinin da ban ma ba ki ba tukuna."

Ya sake dannewa.

Wani ya ce a buga masa waya. Nadine ta ce ai yakan cire wayar in yana bakin aiki, kada a dame shi. Ta ajiye kofinta ta ce, "Ba ni da komai a garejin, motata na nan waje, kyanwa na wajen likita. Mu je mu fito da shi, amma kada kowa ya yi gudu ya faɗi."

Motar kashe gobararmu kuwa tana wajen makaniki tun bazara. Ghislaine ba ta tsaya jira ba. Ta koma tasha ta tara, ta gaggawa, ta zuba Faransanci kamar ruwan famfo. Kafin mu isa ƙofar gidan, sai ga jiniyar 'yan kwana-kwana na ƙauyen tsallaken iyaka, waɗanda dama mukan taimaki juna da su. Suka dira su shida, kowa da oba-oba a kafaɗa, suna ta ihu da Faransanci a cikin iskar Amurka.

Nadine ta sauka ƙasa ta janyo mijinta da kwalar riga. Ya fito da safa, makirufo a hannu, igiyarsa na lilo. Ya ga garejin. Ya ga motarsa tana narkewa a ciki. Yana tsaye eriyar ta yi wata irin rusunawa ta ladabi, ta kwanta a kan kabejin maƙwabci.

Gidan dai ya tsira. Ghislaine ta faka tirelarta ta zo, mace gajeruwa da takalmin aiki. Doreen ta rungume ta, muka yi ta tafa mata.

Amma babban mutum ba ya faɗuwa haka kawai. Elwood ya gyara hula, ya hau matakalar ƙofa, ya ɗaga hannu.

"Ganin halin da ake ciki, na ba wa duk baƙin da ke nan izini na musamman, wanda ya fara aiki tun ɗazu. Ba sai kun gode ba."

Daidai nan shugaban 'yan kwana-kwanan, wani mai gashin baki da ake kira Rejean, ya fito daga garejin riƙe da wani ƙonannen akwatin ƙarfe, yana ta hayaƙi.

"Daga nan wutar ta tashi, Misye. Na'urar ƙara wa oba-oba ƙarfi ce, don murya ta danne ta kowa. A wajenmu doka ta hana. A nan fa?"

"Ta hana!" muka amsa gaba ɗaya, har da Fasto.

Rejean ya miƙa masa akwatin da hannu biyu.

"To, riƙe kayanka, Kwamishina. Mu baƙi ne, ba ma so a kama mu da shi."