Hancina da Daudawar Inna Kuluwa

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na fara aikin koyarwa ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni. An tura ni wani ƙauye a bayan Urafane, ni ɗan Tasawa, da takalmi sau-ciki da jakar hannu da tabarau marar magani (na saye shi ne kawai don in yi kama da masu zurfin tunani). A wancan lokacin in ka tsaga kaina ba abin da za ka tarar sai mafarki. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara baƙaƙe, amma rabin hankalina yana Yamai, cikin wani ofis mai shuɗin labule da ban taɓa gani ba, wani yana shigo mini da shayi a kan faranti.

Da yake lakwal ɗin, wato makarantar, ba ta da gidan malamai, mai gari ya sauke ni a gidan wata dattijuwa, Inna Kuluwa. 'Ya'yanta maza duk sun tafi cirani, sai ta ba ni ɗakin babbansu, ta kuma ɗauke ni a madadinsu ba tare da ta nemi shawarata ba. Duk gari "Mushe" ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ita kuwa "ɗana". Furata da tuwona duk suna hannunta. Ita ce mai daudawar garin, daudawar batso ta 'ya'yan yakuwa, wadda ta koya wajen kakarta. Tukwanenta suna jere a gindin rumbu, an lulluɓe su da buhu da tsumma. Ranar da aka buɗe tukunya mata kan cika gidan, ana daka ana hira ana shewa. Gwiwarta ɗaya ba ta da lafiya, ba ta iya yawon gidaje, don haka daudawar ce ke kawo mata mutane har tsakar gida.

Da aka shigo da hatsi aka fara sussuka, ƙaiƙayi ya cika gari. Mura ta kama ni, irin wadda kowa ke yi ya warke. Tawa ta ƙi tafiya. Hanci ya toshe, majina ta yi kauri, na sayi wani maganin ɗigawa wajen mai talla a kasuwa. In na ɗiga sai hancin ya buɗe na ɗan lokaci, ya dawo ya toshe fiye da da, ni kuma in ƙara ɗigawa. A hankali fuskata ta yi nauyi, ƙasan idanuna da goshina suka riƙa bugawa, in na yi sujada sai in ji kamar ruwa ne ke gangarowa cikin kaina ya taru a goshi.

Abin da zan faɗa yanzu zai ba ku dariya, amma wallahi har daɗin ciwon na riƙa ji. Duniya ta yi nisa da ni. In an tashi daga aji sai in shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gida, in kwanta rigingine. Ƙarar taɓarya takan zo mini a sanyaye kamar daga cikin rijiya, kukan kurciya ya gauraya da ita, hasken la'asar yana ratsa rassan yana sauka a kan idona. Sai in ga kaina na zama babban mai duba makarantu, cikin farar mota, ina ratsa garuruwan Kona da Attantane ina ɗaga wa mutane hannu. Wani lokaci motar takan zarce har bakin teku, inda ban taɓa zuwa ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa nauyin kan nan na ilimi ne.

Cikin wannan hali warin ya zo. Wani irin wari ne mai ɗoyi, kamar an manta da nama cikin rufaffen kwano. Da farko yakan zo ya wuce, daga baya ya tare. Yana cikin ɗakina, yana cikin furata, yana shiga har cikin farar motar mafarkina ya zauna kusa da direba. Na ɗaga katifa, na leƙa rufin ɗaki ko ɓera ya mutu, na zazzage jaka. Ban ga komai ba. Wata rana da yamma na fito ina yamutsa fuska, idona ya faɗa kan tukwanen da ke gindin rumbu, sai na ce a raina, yauwa, ga mai laifi.

Da na yi haƙuri na same ta ita kaɗai, da abin ya zo da sauƙi. Amma ranar buɗe tukunya na zaɓa, mata cike da gida. Na tsaya a ƙofar ɗaki, hankici a hanci, na gyara tabarau na ce, "Inna, gaskiya warin daudawar nan ya hana ni sakat. Ko barci ba na iya yi. Mu mutanen birni hancinmu bai saba ba." (Birnin nan fa Tasawa nake nufi, inda uwar da ta haife ni ba ta taɓa kaɗa miya ba daudawa ba.)

Taɓare suka tsaya. Matan suka dubi juna, wata ta buɗe baki za ta yi magana, Inna Kuluwa ta ɗaga mata hannu. Ta dube ni ta ce, "To, ɗana. Allah ba ka lahiya."

Washegari da na dawo daga lakwal, gindin rumbu fayau, sai alamar gindin tukwane a kan yashi. Ta sa an kwashe su zuwa gidan ƙanwarta, can ƙarshen gari bayan rijiya. Daga ranar gidan ya yi tsit. Ba daka, ba shewa, ba mai sallama. Kullum da safe ina ganinta ta fita tana ɗingishi da sanda, ta je ta duba daudawarta, ta dawo ta zauna tana matsa gwiwa. Miyata ma ta daina sa mata daudawa. Na ga duk wannan da idona, na kuma ji ba daɗi, amma na lallashi kaina da cewa tsafta ce na kawo gidan.

Warin kuwa ko gezau. Da wani mai hankali ne, da a nan ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce ai ya riga ya kama bango da tufafi. Na wanke kayana duka, na sayo turare na bulbule ɗaki, na koma ƙarƙashin gawo na ci gaba da tuƙa farar motata.

Sai da zazzaɓi ya kwantar da ni, kuncina na dama ya kumbura, haƙoran sama suka ɗauki zogi, sannan Inna Kuluwa ta daina tambayar ra'ayina. Ranar kasuwar Urafane ta sa aka ɗora ni a kan amalanken maƙwabci zuwa gidan likita, ita ma ta hau da ciwon gwiwarta. Tafiyar nan har yau ban san ko a farke na yi ta ba. Na kwanta a kan damin harawa, sama tana lilo a kaina, gonakin da aka girbe suna wucewa a hankali, raƙuma suna kiwo cikin kara kamar ba sa taka ƙasa. Lokaci lokaci in ji hannunta mai sanyi a goshina. A mafarkin, jirgin ruwa nake ciki, kuma ko a tsakiyar tekun warin yana nan tare da ni.

Gidan likitan cike yake maƙil, kasancewar ranar kasuwa. Shugabar wurin, wadda muke kira majo, wata mace ce kakkaura mai murya kamar ta mai shela. Ɗakin dubawarta tagarsa a buɗe take, masu jiran layi suna zaune a kan benci daidai ƙarƙashinta, ciki har da iyayen yaran ajina. Inna ta zauna a gefe, majo ta shiga yi mini tambayoyi.

"Tun yaushe murar ta kama ka?"

"Tun farkon sussuka."

"Majinar wane launi gare ta?"

Na yi ƙasa da murya na ce kore-kore.

"Ɗaga murya, Mushe, nan ba masallaci ba ne. Kore?"

Na amsa. Ta sa yatsa ta ƙwanƙwasa ƙasan idona, na zabura. Ta danna goshina, ta ce in sunkuyar da kai, na ji kamar fuskar za ta zubo ƙasa. Ta haska tocila cikin hancina ta daɗe tana leƙe, ta tambayi haƙora, ta tambayi abin da nake ɗigawa, da na nuna mata kwalbar ta karɓe ta jefa a kwandon shara.

A nan ne shaiɗan ya zuga ni. Na juya harshe zuwa Faransanci don kada Inna ta gane, na ce wa majo ni a ganina asalin ciwon wani wari ne da nake shaƙa a masaukina, na daudawar tsohuwar nan. Na ƙara da cewa ko yanzu haka ina jin sa, ina tsammanin a zanenta ya biyo mu.

Majo ta ajiye tocila. Ta sunkuya ta shinshina kafaɗar Inna Kuluwa, ta miƙe, ta ba ni amsa da Hausa tsantsa, da muryar nan tata da ake ji har kasuwa.

"Mushe, tsohuwar ga ƙamshin sabulu takai. Warin da kake ji, cikin kanka shi ke. Sinizit gare ka. Akwai kogo cikin ƙashin huskar kowa, nan da nan da nan. Mura ta kumbura maka hanya, ƙohwa ta toshe, majina ta kwanta ciki ta ruɓe ta zama mugunya. Ita kake shaƙa dare da rana. Ko Makka ka tahi, tare za ku sauka."

Dariyar da ta tashi a bayan taga ban taɓa jin irinta ba. Wani dattijo har da tari. Na ji wata mata tana maimaita wa na nesa, "Wai cikin kainai shi ke!" Na so ƙasa ta tsage in shige, da tabarau da takalmi da komai. Na saci kallon Inna. Ba ta yi dariya ba, bakin gyalenta kawai take murzawa.

Majo ta rubuta mini ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, ta ja kunnena cewa in shanye su duka ko da na ji sauƙi, ta haɗa da na zazzaɓi. Ta koya mini wankin hanci: a tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a sa ɗan gishiri, a zuƙa a sirinji marar allura a tura ta ƙofa ɗaya ya fito ta ɗayar. Ta ce in riƙa surace da ruwan zafi, in sha ruwa da yawa, in rufe hanci in ana sheƙa, in kuma ido ya kumbura ko ciwon kai ya tsananta in dawo ba jira.

Inna ce ta riƙa dafa mini ruwan suracen. Bayan 'yan kwanaki abin ya fara sakina. Wata safiya ina durƙushe kan tukunya, ta lulluɓe ni da bargo tana riƙe da gefensa, tururi yana shiga fuskata, sai na ji wani abu ya buɗe can ciki. Ƙamshin hayaƙin kara ya shigo, da na kunun da ke kan murhu. Warin babu shi. Da yake a cikin bargo ba mai ganin idona, na samu ƙarfin halin da na rasa a fili.

"Inna, ki gafarce ni. Na ci mutuncinki gaban mutane, alhali laifin nawa ne."

"Ba komi, ɗana. Ai na sani."

"Kin san me?"

"Na san ba daudawa ba ce. Tun kahin ka yi magana, in ka buɗe baki za ka gaishe ni nike jin shi. Matan ma duk sun ji. Ni na hana su hwaɗi."

Na ce, "To don me ba ki gaya mini ba? Kika kwashe tukwanenki, kina ta wahala da ƙafa?"

"Haba ɗana. Kana baƙo, kana malamin ɗiyanmu, in dube ka in ce bakinka na wari? Ɗaukar tukwane ta hi mani sauƙi."

Ban fito daga bargon nan ba sai da ruwan ya huce sarai. Da ta tambaya, na ce tururi ne ya sa idona ruwa.

Da la'asar na tafi gidan ƙanwarta na fara jido tukwanen a kaina, ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiyar gari, ruwan daudawa yana ɗiga a wuyan rigata, mata suna bina da guɗa suna tambayar lafiyar hancin birni. Na ci gaba da jidona, don na ci a yi mini.

Yau ko a taro nake na ji wani abu ya bugi hancina, ba na saurin waiwayar na kusa da ni. Fita nake in tsaya ni kaɗai a fili in ja numfashi. In kuma na ga mutane suna ta yi mini fara'a da kawaici fiye da kima, sai in fara tunanin ko tukwanen wa aka sake kwashewa saboda ni.