Ranar da Kuran Ya Jefa Ni Cikin Dambu

Ba zan taɓa mantawa da ranar buɗe gidan abincin gwaggona Hajiya Rabi a unguwar Minguettes ba, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Haushin kaina nake ji, ba na kowa ba.

Daga Paris na taso, sabon injiniyan lantarki, don in duba mata aikin wuta. Na iske Malam Sani, wani dattijo ɗan Damagaram, yana haɗa allon wutar kicin. Wayoyi uku masu kuran, wato wutar lantarki, dukansu suna komawa ta waya guda, wadda muke kira nitir.

Ya ce, "Ɗana, tunda nitir ɗinsu ɗaya ne, dijonkter guda za a sa, abin katse wuta mai yanke wayoyi huɗun gaba ɗaya. Haka doka ta ce."

Ni kuwa na hau shi da faɗa. "Malam, shekara biyar na yi ina karatun nan! Kowace waya a ba ta nata. Don firiji ya samu matsala sai a kashe kicin duka?" (Allah ya yafe mini, har da nuna masa yatsa.) Ya tattara kayansa ya ce, "To, injiniya, bismilla." Na ɗaura ƙanana uku da hannuna.

Ranar buki, gida cike da baƙi, sai wuta ta ɗauke a gefen firiji. Gwaggo ta ce a kira Malam Sani. Na fusata. Na kashe dijonkter ɗin layin, na hau kujera, na ce wa mata, "Ku matsa, minti biyu ne." Na kwance nitir na damƙe shi da hannu tsirara.

Sauran layuka biyun na nan da ransu, kuran ɗinsu ta nitir ɗin yake bi.

"Wayyo inna!" Abin da aka ce na faɗa ke nan. Na dai tsinci kaina zaune cikin daron dambu, ƙwayayen fitila na fashewa, injin markaɗe na hayaƙi.

Gwaggo ta tabbatar ina numfashi, sannan ta ce, "Ubanka ma bai taɓa kunyata ni haka ba. Tashi mini daga kan abincin mutane!"

Malam Sani ya zo ya gyara, bai ko kalle ni ba. Da ma ya zage ni.

Yanzu kafin in taɓa waya sai na gwada ta sau biyu. Bakina kuwa, sau uku.