Kwanon da Aka Nuna wa Matan Zumunta

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na tabbata na mutu a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Sabon Gari. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zariya ba, ina koyarwa a wata firamare a Samaru.

Shekarata tara da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Kwatsam cikina ya fara tasowa. Likita ya ɗauki hoto ya ce ƙari ne a mahaifa, sai an yi aiki. Daga ni sai maigidana muka sani. Wata Lahadi bayan sujada, Mama Saratu, shugabar matan zumunta ta cocinmu a Muciya, ta kama hannuna ta dubi cikina, idonta ya kawo ruwa.

"'Yata, Allah ya ji kukanmu!"

Maimakon in ce ƙari ne, sai na yi murmushi na sunkuyar da kai. (Ku yi mini adalci, shekara tara ba wadda ta taɓa tashi ta ba ni kujera.) Aka hana ni ɗaga benci, Mama ta riƙa aiko mini da kunun tsamiya. Har tafiyar masu ciki na koya, hannu a kwankwaso.

Aikin kuwa na yi ta ɗaga shi saboda tsoron allurar barci. Ita aka yi wa ƙanwar mahaifiyata, daga barcin nan ba ta tashi ba. A ɗakin malamai kuma an sha faɗa cewa wanda aka yi wa allurar yakan ga matattu tsaye a kansa suna kiran sunansa, in ya amsa shi ke nan. Likita ya yi ta lallashina. "Malama, akwai wanda ba shi da aiki sai lura da numfashinki har ki farka." Ban yarda ba sai da zubar jini ta sa jiri ya kayar da ni a gaban allo.

Muka fita da sassafe da jaka da fulas, a zatonmu ba wanda ya gani. Ashe maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga.

A ɗakin tiyata aka ce in ƙirga zuwa goma. Na kai huɗu.

Abin da na fara ji sanyi ne, irin na cikin randa. Na nemi ƙafafuna na rasa. An lulluɓe ni da farin mayafi har wuya. Can nesa ana waƙa ƙasa-ƙasa, ana buga tulu a hankali, kuma waƙar da aka raka ƙanwar mahaifiyata da ita kabari ce. Na ɗaga ido da ƙyar. Fararen kawuna jere a kaina, fuskokin sun narke, ba hanci ba baki, duk sun sunkuyo suna kallona. Ɗaya ta kira sunana. Na datse haƙora. Ta sake kira, a hankali, dab da kunnena.

Na ce to, ta faru ta ƙare, gara in shiga da gaskiyata.

"Ya Ubangiji, ka gafarta mini! Ba ciki ba ne. Na yaudari bayinka wata biyar. Kunun Mama Saratu ma ba ya shiga, akuyar maƙwabta nake zuba wa!"

Tulu ya tsaya cak. Fuskokin suka fara haɗuwa, ga hanci, ga tabarau, ga fararen ɗankwalin zumunta.

"Mun sani, 'yata," in ji Mama Saratu. "An nuna mana."

Daga baya na ji yadda aka yi. Maƙwabciyar nan ce ta kai wa matan zumunta labari cewa na tafi haihuwa. Al'adar asibiti ce, abin da aka ciro sai nas ta fito da shi 'yan'uwa su gani da idonsu. An aiki maigidana sayo magani, nas ta fito da kwano a rufe ta ce ina 'yan'uwan Malama. Mata goma sha biyu suka taso da bahon wanka da zanen goyo, wata har ta fara guɗa. Nas ta yaye murfi. Ƙulle-ƙullen nama guda bakwai, babban ya kai gwanda. (An ce mai guɗar ta haɗiye sauran guɗarta.)

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na rufe ido, ina jiran faɗan da na cancanta. Mama ta goge mini baki da bakin zaninta.

"Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mini rai ba. Wata biyar muna yi wa wanda babu shi addu'a, ke da ke cikin ciwo ba wadda ta ambace ki."

Kukan da na yi har ɗinkin ya amsa. Tun daga ranar, ciwona ba na yi masa kwalliya. Kuma in kun farka kun ga mala'iku, ku fara duba ko suna riƙe da bahon wanka kafin ku buɗe baki.