Katangar Alhaji Sule da Dakalina

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar katangar maƙwabcina wajen mai unguwa ba.

Aikina koya wa kwamfuta gane abin da ke cikin hoto, don haka na liƙa kyamara mai faɗin ido a saman ƙofarmu a Jakara. Ina duba hoton sai na ga sabuwar katangar Alhaji Sule ta yi ciki, ta turo cikin lungu. Dama ni ban yarda da shi ba. Me ya sa ya yi ginin lokacin da na yi tafiya? Me ya sa kwana biyu gaisuwarsa ta ƙara tsawo? (Mutumin da matarsa ke aiko mana da kunu duk azumi, amma a lissafina har kunun toshiyar baki ne.)

Ko leƙa katangar da idona ban yi ba. Na tara mai unguwa da dattawa, na buɗe kwamfuta, na ce, "Baba, na'ura ba ta ƙarya. Duk abin da ya ci lungu a rushe shi."

Mai unguwa ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "To Malam, wannan turken wutar lantarkin da ya rusuna a hoton, shi ma Alhajin ne ya lanƙwasa shi?"

Sai a lokacin na tuna. Irin wannan kyamara lanƙwasa komai take yi, sai an nuna mata allo mai zanen gida-gida baƙi da fari ta ɓangarori daban-daban, kwamfuta ta auna lanƙwasar ta miƙe hoton. Ni da nake koya wa ɗalibai wannan, nawa allon yana kicin an rufe tukunya da shi.

Don in wanke kaina na ɗauko shi, na yi gyaran a gabansu. Turke ya miƙe, katangar Alhaji ta miƙe sambal. Abu ɗaya ne ya rage a tsakiyar hanya: dakalin ƙofar gidana, inda nake shan iska.

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji mai unguwa.

Da la'asar Alhaji Sule ya aiko min da aron diga, da kwanon kunu.

Yanzu kafin in zargi katangar wani, idon da na kalle ta da shi nake fara gyarawa. Iska kuwa a tsaye nake shan ta.