Minti Hamsin ga Kundin Kakana

Jama'a, ku taya ni murna, yau na samu sabuwar sana'a. Da furfurata, da ciwon gwiwata, ina shekara sittin da huɗu, na zama ɗan dako. Da azahar ɗin nan aka gan ni a lungunmu na Madabo da baƙar jaka a ka, ina haki, ina raɓar bango don kada in afka kwata. Maƙwabcina Ɗantani, wanda ba ya ganin abu ya bar shi ya wuce lafiya, yana zaune a dakalinsa ya ɗaga murya.

"Malam Abdulbaqi, dutsen niƙa ka sayo wa Dije?"

Na ce, "Komfutar tafi-da-gidanka ce."

Ya ce, "To Allah ya raba mu da ci gaba."

Bari in koma baya, don ku san abin da ya kai tsofai-tsofai da ni ga dako. Kakana, Allah ya jiƙansa, majemi ne mai karatu. Bai bar mana gona ba, bai bar mana shanu ba, kundi ya bar mana: warƙa ɗari uku da goma sha biyu, da ajami, da hannunsa, cikin gafaka. A ciki akwai yadda ake jima da rinin fata, akwai magungunan da ya gwada, akwai rijiyoyin unguwar nan da waɗanda suka haƙa su. Warƙar ƙarshe kuwa wasiyya ce ya rubuta wa zuriyarsa. Ya rasu mahaifina yana ɗan shekara biyar, daminar da ta biyo baya ruwa ya shiga ɗakin ya taɓa ta, tawadar ta koɗe. Tun daga nan ba wanda ya karanta ta. Mahaifina ya kai ta wajen malamai, ni ma na kai ta wajen masu tabarau iri-iri, ba abin da ake gani sai dusu-dusu. Yanzu takardun sun fara marmashewa a hannu, gara ta ci gefe guda, danshin kowace damina yana tafiya da rabonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni na san kundin nan ba zai ƙara shekaru da yawa ba.

Sai ga albishir a rediyo. Wata ma'aikata, wadda ba zan faɗi sunanta ba saboda ina son ragowar haƙorana, za ta ceto rubutun magabata. Gida-gida za a bi da kyamara ta musamman mai fitilu, wadda take fito da tawadar da ido ba ya gani, abin da wayar hannu ba ta iyawa. An kafa rumfuna, an yi jawabai, an tafa, ni ma na tafa har tafina ya yi zafi. Kowane gida kwana uku aka ware masa. Namu ya faɗo Litinin, Talata da yau Laraba.

Ranar Litinin ma'aikaciyarsu ta yi sallama, Sa'ida sunanta, yarinya mai hankali, sa'ar 'yata ta uku. Ta shimfiɗa kaya a zaure, ta fito da wata komfuta mai kauri, da cajarta da ta kusa kai girman bulo. Tana kunna ta sai ta ɗauki gurnani, tana huro iska mai zafi ta gefe, har matata Dije ta leƙo ko wani ne ya shigo da babur. Muka fara aiki cikin daɗi. Warƙa ashirin da biyar muka ɗauka, sai allon ya yi baƙi ƙirin.

Na ce, "'Yata, lafiya?"

Ta ce, "Baba, caji ya ƙare. Minti hamsin take yi."

"To sai yaushe kuma?"

"Sai gobe, Baba. In dai ba a kawo wuta ba."

Na yi dariya, don a unguwarmu wuta baƙuwa ce, ba ta sanarwa in za ta zo, ba ta sallama in za ta tafi, rabonmu da ita tun ranar sunan jikan Ɗantani. Na ce zan aro injin Mikail tela, ko layin mai zai kai ni la'asar zan bi. Ta ce a'a, an sa ta sa hannu cewa ba za a jona ta da injin kowa ba sai wutar ofis, in ta ƙone a wuyanta take. Wato kullum sai ta kinkime ta zuwa wancan ƙarshen gari, ta ci ta ƙoshi, a dawo da ita ta yi mana minti hamsin.

Ni mutum ne mai tambaya, don rashin sani ya fi dare duhu. Na ce mata duk komfutocin duniya haka suke da haɗama? Ta ce, "A'a Baba. Abin yana ga ƙwaƙwalwar da aka sa mata, furosesa ake ce mata. Ta cikin wannan murhun gidan biki ce, za ta dafa wa unguwa guda abinci, amma sai an yi ta tura mata itace. Akwai wata kuma kamar kurfoti, gawayi cikin tafi ya ishe ta ta wuni tana dafa shayi. Aikin da nake yi a nan, ɗaukar hoto da ajiyewa, shayi ne."

"To ina kurfotin?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi. Sai da na matsa sannan ta faɗa. Ashe injiniyan da ya tsara sayen kayan ya san aikinsa. Iri biyu ya sa aka sayo: sirara marasa cin wuta, masu wuni ba caji, don masu shiga lungu, da manya masu ƙarfi don su zauna a ofis suna harhaɗa hotuna suna tace su. Ranar rabo shugabannin ma'aikatar suka shigo ɗakin. Suka ɗaga wannan suka ji nauyi, suka ɗaga waccan suka ji kamar faifai, ga sheƙi, ga ta tana shiga jakar zuwa taro. Daga nan aka yi rabo irin na naman layya, babba ya fara zaɓa.

Talata ma warƙa ashirin da biyar. Shi ne yau da sassafe na ce wa Sa'ida ƙafata ƙafarta, zan je in roƙi arziki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kai jama'a, ku zo ku ga ofis! Rufin duk faifan sola, ga inji a baya yana jiran ko-ta-kwana, sanyi kuwa har sai da na ja hulata ta rufe kunne. Bayan zaman awa biyu a benci aka shigar da ni gaban Ranka-ya-daɗe, Babban Mai Kula da Masu Kula, Garkuwan Sa Hannu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Ga siririyar komfutar nan a kan teburinsa, jone da bango. Na'urar da aka ƙera don inda babu wuta, tana zaune a ɗakin da wuta ba ta taɓa ƙiftawa ba. Yana kallon wani abu a cikinta yana murmushi, na saci ido, ashe jawabinsa ne na ranar rumfuna.

Na durƙusa iya abin da gwiwa ta yarda, na ce, "Ranka ya daɗe, aron wannan na zo nema, wuni ɗaya tak. Kafin magariba za a dawo da ita, in an ga dama a riƙe ni jingina."

Ya cire tabarau, ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Malam, ku talakawa ba ku san sadaukarwa ba. Mafi ƙarfi muka ba yaran nan, mafi tsada. Mu muka haƙura da ƙanana."

Wallahi sai da na ji kunya ta kama ni. Dubi bawan Allah, ya hana kansa nauyi ya bar wa yarinya! Lallai abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da ban hau komai ba, na sake cewa, "Ranka ya daɗe, ko da rabin wuni."

Ya ce ai da lamba a jikinta, lambar tana cikin fayil, sauya hannu sai kwamiti ya zauna. Na ce yaushe kwamitin zai zauna? Ya ce shugabansa ya tafi taron ƙara wa juna sani a kan amfani da kayan aiki yadda ya dace. Na ce to a ƙara mana kwana. Ya ce gobe unguwar Sheshe za a shiga, jadawali ba ya komawa baya. Ya miƙo mini hannu, ya ce yana alfahari da irinmu.

Muka fito. Adaidaita ta sauke mu a bakin titi, don ba ta shiga lungunmu. Na ga yarinyar nan ta karkace kafaɗa, kwana uku tana fama, na karɓi jakar na ɗora a ka. A nan Ɗantani ya gan ni.

Yanzu ga minti hamsin, ga warƙa ɗari biyu da sittin da biyu a gabanmu. Sa'ida ta ce, "Baba, yau kai za ka zaɓa. Amma ka sani, wadda ta koɗe sosai ta fi cin lokaci, sai na bi ta da fitilu ɗaya bayan ɗaya."

Wanda bai taɓa zaɓar abin da zai tsira daga hannun kakansa ba, ba zai san halin da na shiga ba. Kafin in buɗe baki zaure ya cika. Dije daga bayan labule ta ce, "Malam, a ɗauki na maganin shawara, mata suna zuwa tambaya." Ɗantani ya ce, "Wajen rijiyoyin nan fa, akwai sunan kakana." Mikail ya ce babin jan rini ba wanda ya iya shi yanzu ko a Kasuwar Kurmi. Ni kuwa wasiyyar ce a raina, tana hannuna ma, na riga na zare ta. Amma ta yaya mutum zai fara da nasa, maƙwabta na zaune a zaurensa? An yi mana tarbiyya da kara. Na tura ta ƙarƙashin sauran, na ce a fara da na jama'a.

Sa'ida ta dube ni, ta ce, "Baba, ka tabbata?" Na ce mata ta yi kawai.

Aka ɗauki magani, aka ɗauki rijiyoyi, aka ɗauki rini, na'ura tana ta gurnani. Da ta ce saura kaɗan, sai na miƙa mata warƙar wasiyyar. Ta kunna fitila ta farko, ba komai. Ta biyu, dusu-dusu. Ta uku, sai ga baƙaƙe suna tasowa a allo ɗaya bayan ɗaya, hannun kakana sak, mai jan wutsiyar harafi. Kowa ya miƙo wuya. Na matsa, na karanta a fili: "Ya ku zuriyata, abu uku nake gargaɗinku da su. Na farko..."

Allon ya mutu.

Na ce, "Ta shiga?"

Ta ce, "Ba ta kai ga ajiyewa ba, Baba." Ta rufe komfutar.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka, a gaban Ɗantani kuwa, kuma yau ɗaya bai yi mini ba'a ba. Shekara tamanin da wani abu bawan Allah yana jira ya yi mana magana, ya buɗe baki ke nan aka ɗauke masa wuta. Ban ga laifin yarinyar ba, ba a barin jaki a daki taiki. Kaina na fi jin haushi, ni da na yi kara a zamanin da masu rabo ba su san ta ba.

Tana haɗa kaya sai ta tsaya, ta zaro wani abu daga jaka, ta miƙo mini ba ta ko iya kallona. Ta ce an umarce ta ta ba kowane maigida a rana ta uku. Takardar yabo ce, mai zanen zinare a gefe, tana shaida cewa an kammala ceto kundin gidan Malam Abdulbaqi baki ɗaya. Kwanan watan da ke jiki na makon jiya ne. Ga sa hannun Ranka-ya-daɗe ya cinye rabin shafi.

A nan dole in yaba, don an yi aiki da hangen nesa: an manne ta cikin leda mai kauri, gaba da baya. Ruwa ba zai taɓa ta ba, gara ba za ta iya da ita ba. Nan da shekara ɗari, in jikokina suka buɗe gafaka suna neman abin da magabata suka bar musu, alhamdu lillahi, ita za su tarar.