Yadda Za Ka Kankare Wa Ɗanka Sunan Ɗankwari

Tsofaffin gidanku sun liƙa wa jaririnka lakabin da ke tona maka asiri? Kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari sunan zai ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Sufyanu mai babur na garin Zakka ya bi su, da shi za mu riƙa misali.

Mataki na ɗaya: Musanta asalin maganar

Da naƙuda ta kama matarsa Adawiyya ana tsakiyar marka, mahaifiyarsa Hansai ta ce ya bi babbar hanya zuwa asibitin Safana. Shi kuwa gwanin tuƙi ya ce yanke ta kwari ya fi sauri. Babur ya kafe a laka, ya kafe, ya kafe. A nan gindin wata tsamiya matan da ke dashen shinkafa suka kare ta da zannuwansu, ta sauka lafiya, yana can gefe yana murza kik. Kafin su iso gida, Hansai ta riga ta sa wa jikanta Ɗankwari. Duk wanda ya kira sunan, da wautar uban yake tunawa, kuma Sufyanu ya sani, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Kai dai in an tambaye ka, ka ce babur ɗin ne bai da lafiya. Babur ba ya kare kansa.

Mataki na biyu: Nemo suna mai nauyi

Ƙaramin suna ba ya kayar da lakabi. Ranar raɗin suna Sufyanu ya sa Zainulabideen, ya yanka rago mai ƙaho. Aka ci, aka yi addu'a, aka watse ana tambayar juna, "Halan ka je sunan Ɗankwari?"

Kada ka karaya. Sun dai ci ragonka, kunya za ta kama su nan gaba.

Mataki na uku: Lallashi tsohuwa

Sayi goro fari, ka durƙusa, ka ja gaisuwa har gwiwarka ta yi tsami. Haka Sufyanu ya yi, sannan ya ce, "Inna, don Allah a riƙa kiran yaron nan da sunansa na yanka."

Hansai ta ɓare goro ta ce, "Mi? Ni da haƙora huɗu zan tauna wannan suna? Maigidana ne, a kwari na tsince shi. Kwari kuwa nan ruwa ke kwana, nan shinkafa ke yi. Kai da aka haifa bisa tudu, mi ka tsinana?"

In ta faɗi haka, ka yi godiya ka tashi. Goron ba ya dawowa.

Mataki na huɗu: Ajiye kunyar ɗan fari

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗan fari ne, uwarsa ba ta faɗin sunansa, sai dai "yaron nan". Kai ma an san ka da kawaici. To wa ya rage ya kira Zainulabideen? Babu kowa. Don haka ka cije, ka riƙa rangaɗa sunan a tsakar gida safe da yamma. Sufyanu ya yi, Adawiyya ta rufe fuska ta shige ɗaki, Hansai ta tafa hannu ta ce zamani ya zo ƙarshe.

Mataki na biyar: Rubuta shi inda za a gani

Sufyanu ya kai babur ɗinsa Batsari aka zana sunan a baya da jan fenti. Ya yi kyau, ba laifi. Sai dai fasinjoji sun riƙa shafa rubutun suna tambaya, "Wannan ne wanda ya kafe?"

Mataki na shida: Gwada a bainar jama'a

Da yaro ya fara tafiya, ka jira ranar da ƙofar gida ta cika. Sufyanu bai ma zaɓi ranar ba, ita ta zaɓe shi. Ana zaune ana hira bayan la'asar, yaron ya sulale ya nufi hanya, ga a-kori-kura ta taho da buhunan gero. Sufyanu ya hango shi. Ya miƙe ya ƙwala, "Zainulabideen!" Yaro ko waiwaye. Ya sake, yaro na ta tatata abinsa. Sai bakin Sufyanu ya suɓuce:

"Ɗankwari!"

Yaron ya tsaya cak, ya juyo yana dariya, ya taho da gudu ya rungume ƙafar ubansa. Mota ta wuce. Sufyanu ya ɗauke shi ya ƙanƙame, hawaye na zuba, bai damu da wa ke kallo ba. Daga cikin zaure Hansai ta ce, "Sake faɗi, ɗan nan, ban ji da kyau ba."

Ya sake faɗi.

Hattara

Mai wannan nasiha ba shi da hannu a asarar rago, goro ko fenti, kuma ba ya zuwa biko. Wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ana kiran sa Baban Ɗankwari, ya amsa kawai, kada ya neme ni.