Ɗan Roba na Sarkin Reno

Duk faɗin garin Logan babu wanda ya san kan yaro kamar Mista Neville Cragg. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum mai takardun shaida tara a bango ba a yi masa musu. Ya san abin da jariri yake nufi in ya yi hamma, ya san sunan kowane irin kuka da yaren likitoci. Har littafi ya rubuta a kan matakai bakwai na reno, ya buga da kansa, hotonsa a gaba, hotonsa a baya. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa iyayenmu mata ba: shekara ashirin yana koyar da reno, fitsarin yaro bai taɓa sauka a rigarsa ba. Bai haifa ba, bai riƙa ba, ko kyanwa ba ya ajiyewa saboda gashi. Shi ya sa iliminsa ya zauna garau, babu abin da ya gurɓata shi. Matan unguwa suka naɗa shi Sarkin Reno. Da ya ji, sai ya ɗauka yabo ne, har ya nemi a buga masa a kati.

Fadarsa zauren taro ne a bayan coci, kowace Talata da hantsi. A bakin ƙofa ya kafa allo: BA A SHIGA DA YARA. Yana da gaskiya kuwa, ba abin da yake hana mutum koyon zama da yara kamar yara.

Talakawan wannan fada su goma sha biyu ne, yawancinsu kakanni da gwaggwanni da aka bar wa 'ya'yan dangi a hannu. Kafin hukumar kula da yara ta tabbatar musu da riƙon, sai kowa ya yi mako takwas a gaban Sarkin Reno ya karɓi takarda mai sa hannunsa. A cikinsu akwai Lesieli, 'yar tsibirin Tonga, mai shekara sittin da uku, wadda ta haifi shida ta riƙi tara na dangi, kuma duk suna nan da ransu suna cinye mata abinci ranar Lahadi. Jikanta Saia, ɗan shekara biyu, yana hannunta tun da aka kwantar da uwarsa a asibiti, ba ranar sallama. Riƙon na wucin gadi ne. Ƙarshen Janairu za a yanke hukunci: in akwai takarda, Saia ya zauna, in babu, a kai shi gidan waɗansu bayin Allah can wani gari, waɗanda ko sunansa ba su iya faɗa ba. Saboda haka Lesieli take sa rigarta ta zuwa coci, ta zauna a layin gaba, ta haɗiye duk abin da aka zuba mata.

Ana kuwa zubawa. Sarkin Reno yakan tsaya ya haɗa yatsunsa goma, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗanar miya.

"Iyayena mata," in ji shi, "ku manta da duk abin da kuka sani. Abin da kuka yi a baya ba reno ba ne, sa'a ce. Yaro ba ya kuka, saƙo yake aikowa. Matakin farko, ki ja numfashi. Na biyu, ki sauko daidai tsayinsa. Na uku, ki gaya masa sunan abin da yake ji."

Anti Noreen, wadda take riƙon tagwayen 'yar ƙanwarta kuma ba ta iya raɗa ba, ta karkato wajen Lesieli. "'Yar'uwa, in na sauko daidai tsayinsu da wannan gwiwar, sai dai a kira motar kashe gobara ta ɗaga ni."

Lesieli ta danne dariya, don ta ga alƙalaminsa ya motsa. Duk wanda ya yi dariya a fadar, ana rubuta masa "rashin shiri".

A mako na shida ya fito da yarima. Jariri ne na roba, mai nauyin jaririn gaske, da na'ura a cikinsa. Yana kukan yunwa, yana kukan a sauya masa ƙunzugu, kuma yana rubuta duk abin da aka yi masa: yaushe aka ɗauke shi, yaya aka riƙe kansa, zafi ko sanyin inda aka kwantar da shi. Duk ɗalibar da ya zaɓa za ta tafi da shi daga Juma'a zuwa Litinin. Sai an ɗaura mata wani awarwaron roba wanda ba ya ciruwa sai da almakashi, domin jaririn ba ya yarda da kowane hannu sai mai awarwaro, kuma cikin minti biyu.

Sarkin Reno ya ɗaga shi sama da yatsu kamar mai nuna kofin gasa.

"Wannan yaron shekara uku yana hannuna," ya ce. "Ko sau ɗaya bai taɓa damuna da kuka ba. Ko sau ɗaya! Wannan shi ne bambancin ilimi da gargajiya. Kuma ku sani, mutum yana ƙarya, na'ura ba ta yi."

Juma'ar da ta zo kan Lesieli, ta kai ɗan roba gida a rungume. Gidan nan kuwa mutum goma sha ɗaya ne ke kwana, na yini ba a ƙirga su. Kafin ta cire takalmi jaririn ya bar hannunta. Kowa ya san yadda ake yi: yaro in ya shigo gida ba ya taɓa ƙasa, daga wannan cinya sai waccan kafaɗa. Aka shafe shi da man kwakwa. Gwaggon gidan, wadda raɗa suna haƙƙinta ne, ta dube shi da kyau ta ce hancin na malam ne, saboda haka sunansa Nevili Ƙarami. Ranar Lahadi aka ɗaura masa 'yar guntuwar tabarma a ƙugu kamar yadda mutanen Tonga suke yi, aka kai shi coci, ya yi kuka a tsakiyar huɗuba, layi uku na mata suka yi rige-rigen karɓarsa.

Ita kuwa mai awarwaro tana inda aiki yake. Jariri ya tsanyara, hannunta yana cikin ganyen gwaza da madarar kwakwa. Ya sake, tana yi wa Saia wanka. Sau ɗaya ma ta taho da gudu za ta taɓa shi, sai Saia ya faɗo daga matakala ya fasa leɓe, ta juya ta bar na roba a hannun surukarta. Ba ta ga laifi a ciki ba. Ta mayar da shi ranar Litinin yana ƙamshi, da sabuwar hula da aka saƙa masa.

Ranar Talata Sarkin Reno ya karanta sakamako a gaban kowa, a hankali, don kada daɗin ya ƙare da wuri.

"Arba'in da ɗaya bisa ɗari. Sakaci sau ashirin da uku. Misis Lesieli, yaro uwa ɗaya yake buƙata, ba kasuwa ba. Da zuciya mai nauyi nake cewa ba zan iya sa hannu ba. Lamirina ba zai bar ni ba."

"Mista Neville," ta ce, "ko minti ɗaya yaron nan bai kwanta shi kaɗai ba."

"Na'ura ba ta ƙarya," ya ce, ya rufe fayil.

Lesieli ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da ta sauka ƙasar nan da akwati ɗaya. Ta zauna a tashar bas ta yi kuka sosai, ba kunya. Ta tuna yadda Saia ba ya barci sai ya cusa hannu a wuyan rigarta, ta rasa wa zai gaya wa mutanen can wannan. Anti Noreen ta zauna kusa da ita tana zagin Sarkin Reno tun daga takalmi har tsagar gashi, amma zagi ba ya sa hannu a takarda.

Ranar rufe karatu aka ɗage dokar allo, aka yarda a zo da yara, da sharaɗin kada su taɓa komai. Sarkin Reno ya sa farar riga sabuwa. Ya gayyato Madam Joanne, jami'ar hukuma da fayil ɗin Saia yake hannunta, mace gajeriya mai tabarau da jakar da ta ga duniya. Ba don Lesieli ya gayyato ta ba. So yake hukuma ta ga irin tsantseninsa, ko a ba shi sauran unguwannin ma ya mulka.

Ya yi jawabi na minti arba'in a kan kansa. Ya raba takardu goma sha ɗaya. Sannan ya sauke murya ya ce akwai wani abin takaici da ya wajaba ya nuna, don ya zama darasi. Ya jona ɗan roba da kwamfuta, rahoton ya fito a farin allo, jan layi ashirin da uku reras.

Madam Joanne ta gyara tabarau ta matsa kusa. "Wannan ɗan rubutun na gefen kowane jan layi fa? 'An ɗauka, baƙon hannu, daƙiƙa takwas.' 'An ɗauka, baƙon hannu, daƙiƙa biyar.' Wato duk kukan da ya yi, kafin a ƙirga goma an ɗauke shi?"

"Hannun da ba shi da izini, Madam. A ilimance, daidai yake da babu."

"To. Nuna mini yadda na ilimi yake, in gwada. Daga Litinin zuwa Juma'a wa yake riƙe da shi?"

Sarkin Reno ya yi murmushin wanda aka tambaya sunansa. "Ni da kaina."

Bai taɓa duba wannan shafin ba. Me zai kai shi? Wanzami ba ya son jarfa. Ya danna da ƙarfin gwiwa, allo ya cika da ja tun daga sama har ƙasa, kamar an yanka kaza a kai. Madam Joanne ta shiga karantawa da muryar mai karanta jerin cefane. Kuka sau ɗari huɗu da goma sha biyu a mako guda, ba wanda ya amsa. Kai a ƙasa, ƙafa a sama, kwana huɗu. Zafin wurin kwanciya, digiri sittin da ɗaya. Ta sa ya koma makon baya, haka. Watan baya, haka.

"Ina yake kwana, Mista Cragg?"

Sai da ta maimaita.

"A but ɗin mota," in ji Sarkin Reno. Daga baya ya ƙara, don a san shi mai tsari ne, "Cikin bargo. Kusa da safayar taya."

Ashe shekara uku bai gano inda ake kashe abin ba, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Ya dai gano cewa bargo biyu da murfin but suna maganin kowane irin saƙo.

Anti Noreen ce ta fara magana. "Wayyo Nevili Ƙarami! Shi ya sa da ya je gidan mutane ya ƙi yin shiru, ashe labari yake ba su!"

Zauren ya kece da dariya. Tagwayenta suka ɗauka wasa ne suka shiga tsalle. Saia, wanda ya gama da yankan kankana, ya sulale daga cinyar kakarsa ya je ya kama farar rigar nan da hannu biyu ya goge bakinsa. Sarkin Reno ya ja numfashi, matakin farko ke nan. Sauran shidan suka gudu suka bar shi.

Madam Joanne ba ta yi dariya ba, amma tabaraunta ya yi ta rawa a kan hanci. Ta ciro takarda ta goma sha biyu daga ƙasan fayil ɗinsa, ta shimfiɗa a tebur, ta miƙa masa alƙalaminta. Lamirin nan mai nauyi ya sa hannu ba gardama. Ta juya wajen Lesieli ta ce za ta zo gida ranar Alhamis a ƙarasa sauran, kuma a ajiye mata gwaza.

Lesieli ta riƙe takardar, hawaye na zuba, ta ɗauki Saia ta saɓa a ƙugu. Har ta kai ƙofa sai ta dawo. Ta tsaya gaban tebur tana kallon ɗan roba kwance da hularsa ta saƙa, kuma Allah ya sani ba da zolaya ta yi maganar ba.

"Madam, wannan marayan fa? Mu muka raɗa masa suna. Ba za a mayar da shi but ba dai?"

Madam Joanne ta dubi allo, ta dubi Sarkin Reno, ta cire wayar daga bayan jaririn ta ɗora wa Lesieli a ɗaya ƙugun. Ta ce dama kayan hukuma ne, za ta karɓa ranar Alhamis, kafin nan ya zauna inda ake ɗaukarsa.

Har gobe Mista Neville Cragg yana nan da takardunsa tara, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka ajin bana ya kafa tarihi. Ya kafa kuwa. Masu riƙo goma sha uku ne suka shiga zauren nan, mutum ɗaya tak hukuma ta karɓe wa ɗa, shi ne malamin.